Amurum ko Gashaka? Amsa ga ƙanenmu mai neman jan tsuntsun dutse

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanenmu ya yi tambaya jiya, wai ya samu hutun kwana huɗu daga nan Katsina, yana son ya ga ɗan tsuntsun nan da Turawa ke ce ma Rock Firefinch, to Jos zai nufa ko Gashaka Gumti? Ƙanena, ni dai na taka duka biyun, bari in faɗa maka abin da na gani.

In dai wannan tsuntsun ne a ranka, Jos kai tsaye. Gandun Amurum yana kusa da ƙauyen Laminga, ba nisa da gari, kuma nan ne cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, wadda ke aiki da Jami'ar Jos, to ka ga akwai masu ido da kunne da za su raka ka. Wajen duwatsu ne jibga-jibga da kwazazzabai masu duhuwar itace a tsakani, kuma shi a gindin duwatsun yake kiwo, yana tsintar irin ciyawa. Kamanninsa kamar ɗan jan tsuntsun nan da ke shigo mana tsakar gida tsintar tsaki, sai dai namijin wannan bayansa ja ne, kansa toka-toka, bakinsa shuɗi-shuɗi. Sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ne daban, kuma abin da ya fi burge ni, wani baƙin tsuntsu ne ya tona asirinsa, wanda ke zuba ƙwai a sheƙarsa ya bar masa reno, har ɗan ya tashi yana kwaikwayon kukan mai riƙonsa. Kukan aka ji bai yi kama da na kowa ba, aka bi sawu. Shi ya sa nake cewa ka saurari kukan jan tsuntsun a waya tun kana gida har ya zauna maka a kunne, wallahi ya fi maka madubin hangen nesa mai tsada.

Ranar da na gan shi tun bayan asuba na zauna a bakin wani kwazazzabo, sanyi na ratsa ni, kusan awa biyu ban motsa ba, sai ga su biyu sun sauko shan ruwa. Hannuna har rawa yake.

Gashaka kuwa wata duniya ce. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, can Taraba da Adamawa, dutsen Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 ma yana ciki, tsuntsaye kala-kala, har birai. Amma daga Katsina zuwa Serti, garin da ake bi a shiga gandun, ta Jalingo da Bali sai ka kwana a hanya, tafiya da dawowa kaɗai sun cinye kwana huɗun naka, ga tsando, ga dole sai da ma'aikacin gandu mai rakiya, kuma da damina hanyar ciki ba ta biyuwa. Can sai mai sati biyu, da rani.

Jos kuwa in ka yi sammako ta Kano ka isa da rana tsaka ko la'asar. Ka je ƙarshen damina zuwa farkon kaka, lokacin suke sheƙa. Ka riƙe rigar sanyi, takalmi mai kama dutse, kar ka sa fararen kaya, kuma ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi.