Sharhi kan mc.exe: haɗa saƙonnin kuskure na manhaja da Hausa

Duk mai rubuta manhajar Windows da yake son saƙonninta na kuskure su fito da Hausa, zan ce ya gwada mc.exe, amma ya zo da haƙurinsa. Kayan aikin Microsoft ne, cikakken sunansa Message Compiler, kuma kyauta yake zuwa cikin Windows SDK, wato tarin kayan aikin masu rubuta manhajar Windows. Ba shi da taga, ba shi da maɓallin latsawa. Baƙin allo za ka buɗe ka rubuta masa umarni, ya yi aikinsa ya yi shiru.

Abin da ya kai ni gare shi wata manhajar lissafin kaya ce da na rubuta da C++ don wani shagon magani nan Sakkwato, wajen Mabera. Wani ɓangarenta a ɓoye yake gudana, yana ajiye kwafin bayanan ciniki kowane dare. Saƙonninta a warwatse suke cikin rubutun manhajar, kuma duk da Turanci. Da an sami matsala sai yaron shago ya kira: "Malam, wanga abu mi shika hwaɗi?" Kafin ya harhaɗo mini kalmomin, katinsa ya ƙare.

Tsarin aikin ba shi da wuya. Fayil ɗaya za ka rubuta mai ƙarshen .mc, ka jera saƙonninka a ciki. Kowane saƙo ka ba shi MessageId, wato lambarsa, da Severity, wato nauyinsa, da SymbolicName, sunan da za ka riƙa kiran sa da shi cikin manhaja. Sai ka rubuta Language, ka kawo maganar, ka rufe da layin da babu komai a kansa sai aya guda. In ka ba mc.exe wannan fayil, zai fitar maka da fayil .h mai sunaye da lambobi, da fayil .rc, da fayil .bin ɗaya ga kowane harshe. Daga nan rc.exe, mai sarrafa fayil .rc, ya karɓa, link.exe, mai haɗe komai wuri guda, ya ƙarasa. Ni DLL na daban, wato fayil ɗin da manhaja ke ɗauko abubuwa daga cikinsa, na yi wa saƙonnin ta hanyar /DLL da /NOENTRY, don in riƙa gyara magana ba tare da na taɓa manhajar kanta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar. Bit 32 gare ta, kuma kowane yanki da aikinsa: biyu na sama suna faɗin nauyi, ko nasara, ko sanarwa, ko gargaɗi, ko kuskure, 12 na sashen da saƙon ya fito, 16 na ƙasa su ne lambar saƙon kansa. Akwai kuma bit guda da ake kunnawa da -c, wanda ke nuna cewa wannan lamba taka ce, ba ta Windows ba. Shi ya sa kuskuren da zai fara da 0xC sai ya koma farawa da 0xE. Lambar nan kamar lambar rumfa take a Babbar Kasuwa: ko mai rumfa ya sauya kaya, wanda aka kwatanta wa zai iske wurin. Yanzu yaron shago ya karanta Hausar ya gane cewa kebul ɗin na'urar buga rasit ne ya fita, ya mayar da abinsa. In abin ya fi ƙarfinsa, lamba kawai yake faɗa mini.

Inda ake shan wuya shi ne haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. In ba a gaya masa komai ba, mc.exe yana karanta fayil ne da tsarin haruffan kwamfutar da yake kai, kuma tsarin 1252 da kwamfutocin Turanci ke amfani da shi ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Tsohuwar hanya ita ce ka ajiye fayil ɗin a tsarin haruffa na UTF-16LE ka ƙara -u a umarninka. Daga SDK na Windows 10 mai lamba 10.0.19041, wanda ya fito a 2020, ya iya gane UTF-8 muddin fayil ɗin ya fara da alamar BOM, wadda ke nuna tsarin haruffansa. Wannan ya sauƙaƙa, sai dai manhajojin rubutu da yawa ba sa sanya alamar sai ka nema. Ka buɗe saƙo ɗaya mai kalmar "ƙare" ka gani da idonka kafin ka kai wa mai kaya.

Sai batun harshe. A layin LanguageNames za ka sa Hausa=0x468:MSG00468, don 0x468 ita ce lambar da Windows ta ba Hausar Najeriya ta boko, kamar yadda 0x409 take ta Turancin Amurka. Amma sanya Hausar kawai ba zai fito da ita ba. FormatMessage, wadda ke ɗauko saƙon, in ka bar mata zaɓi harshen mai kwamfutar za ta bi, kuma ni duk kwamfutar shagon da na taɓa a garin nan a Turanci take. Dole ka miƙa mata 0x468 da hannunka. A Event Viewer kuwa, inda Windows ke nuna rahotannin da manhajoji suka rubuta, ba kai ke zaɓa ba, saboda haka Turancin ne zai fito. Ban damu ba, ni kaɗai nake leƙa can. Abin lura dai shi ne sai ka rubuta hanyar DLL ɗinka a rajistar Windows ƙarƙashin EventMessageFile, in ba haka ba sai Event Viewer ya ce bai sami bayanin lambar ba.

Wuraren cike gurbi, %1 da %2, sun yi mini amfani ƙwarai, domin kana iya juya su yadda jimlar Hausa take so, sunan magani a gaba, adadi a baya, ba tare da ka taɓa na Turancin ba. Kowane saƙo kuma yana zuwa da sabon layi a wutsiyarsa, abin da ke ɓata tsarin ƙaramin akwatin saƙo, sai dai in ka rufe shi da %0.

Ƙorafina biyu ne. Kayan aikin da aka yi don saƙonnin kuskure, nasa saƙonnin a taƙaice suke; in ayar rufewa ta ɓace, saƙo na gaba sai ya shige cikin na baya a matsayin magana. Na biyu, don ɗan ƙaramin fayil ɗin nan sai ka sauke SDK, wanda ke cin data ba kaɗan ba, ga wuta da ba ta da tabbas. Ka buɗe Developer Command Prompt na Visual Studio, nan za ka same shi ba sai ka bi folda-folda ba.

Mai aiki a Linux ko MinGW, wato kayan aikin GNU na rubuta manhajar Windows, yana da windmc cikin tarin kayan GNU Binutils, wanda ke karanta irin wannan fayil. Mai rubuta manhajar waya ko ta intanet kuwa kada ya wahalar da kansa: Android na da strings.xml, ga kuma gettext da msgfmt ɗinsa. Mc.exe na wanda manhajarsa ke zaune cikin Windows ne, musamman mai gudana a ɓoye tana rubuta rahoto a Event Viewer. Ta shagon maganin tana kansa har yanzu, kuma manhajar da nake rubuta wa wani dillalin albasa ma da fayil .mc na fara ta.