Takunkumi mai gwangwani biyu da na saya saboda gyaran gida: ya yi min rana, amma mai shagon bai kyauta min ba

Tun ina ƙarama nake da asma, kuma tawa ba ta ƙura ce kaɗai ba, wari ya fi tayar min da ita. Maganin sauro na fesawa, turaren wuta in ya yi yawa, kai ko fetur aka zuba a janareta ina kusa sai ƙirjina ya ɗaure kaina ya hau sarawa. To da Abban yara ya ce za a gyara gidanmu na Tumfure a Gombe kafin bikin ƙanwarsa, a cire tsohon silin a sa POP, a canza tayil ɗin falo a yi fenti, wallahi ban yi murna ba, don ba inda zan je in zauna wata guda ga yara suna makaranta.

Da farko takunkumin zamanin korona nake sawa, shuɗin nan, daga baya na samo N95 a kemis. N95 ɗin ya taimaka ranar da ake goge bango da sanfefa, tunda shi aikinsa ke nan, kashi 95 cikin ɗari na ƙananan ƙura yake tarewa in ya zauna daidai a fuska. Amma wari ko kaɗan ba ya tarewa, kamar ba ki sa komai ba. Ranar da aka buɗe bokitin fentin mai na farko a tsakar gida sai da na shaƙi inhela, na kwana a zaune.

Wata ƙawata nas ce ta ce in nemi irin wanda masu fentin mota suke sawa, na roba mai rufe hanci da baki, da gwangwani biyu gefe da gefe masu gawayi a ciki, gawayin shi ke kama tururin fenti da tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi. Ta ce in duba wanda ke da baƙin layi a jikin gwangwanin in na Amurka ne, in kuma na Turai ne ruwan ƙasa da harafin A. Na samu a wani shagon kayan gini cikin gari, kuɗin kun dai san yadda kaya suka koma, sai da na yi jim kafin na biya.

Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne ranar da aka yi fentin ƙofofi da ƙarafan taga. Mai fentin ya gauraya fentin mai da tina, yaronsa ma ya ƙara kananzir wai don ya yi saurin bi, warin ya cika gidan har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana cewa Maman Ilham ki fito mana kar ki faɗi. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar falon ina nuna masa inda ya tsallake a bayan ƙofa, kuma ba na jin komai. Ba wai warin ya ragu ba, babu shi ne kwata-kwata, iskar da ke shiga hancina kamar ta asuba bayan ruwan sama. Har na ɗauka ko fentin ne mara wari, na ɗan ɗaga gefen robar da yatsa, nan take ya dake ni har maƙogwaro na yi maza na mayar. Mai fentin ya tsaya yana kallona ya ce Hajiya don Allah ara min in gwada, ya sa, ya yi shiru, ya ce shi tun yana yaro yake wannan sana'a da tsumma yake ɗaure hanci, kullum da ciwon kai yake komawa gida ya sha madara. Tausayinsa ya kama ni sosai, don madara ba ta cire abin da ya riga ya shiga huhu. Ranar na yi girki, na yi wa yara wanka, na kwanta ban taɓa inhela ba. Wanda bai san asma ba ba zai gane girman wannan ba.

Sai dai takunkumin sai ya manne da fata yake aiki. Ni ƙarƙashin hijabi nake sa igiyoyin, in yadi ya shiga tsakanin robar da kumatu wari zai bi ta nan. Ina rufe gwangwanayen da tafin hannu in ja numfashi, in robar ta lotsa ta kama fuska to ya zauna. Abban yara da ya gwada bai yi masa ba saboda gemu. Ga zafi, zafin Gombe kuma ba sai an faɗa ba, gumi taruwa yake a haɓa sai na fita waje na cire na goge, kuma jan numfashi a cikinsa ya ɗan fi nauyi, shi ya sa mai asma ya fara tambayar likitansa tukuna. Ido ma ba ruwansa da shi, nawa sun yi ja.

Yanzu ga inda raina ya ɓaci. Da zan saya na tambayi mai shagon har yaushe gwangwanin yake yi, ya ce Hajiya wannan ai shekara zai yi miki ko fi, in ya yi datti ki wanke. Ba gaskiya ba ne. Ba a gama aikin ba na fara jin ɗan warin tina yana ratsowa, da na nutsu na karanta takardar cikin kwalin, a rubuce yake cewa da an fara jin wari a canza, ko ba a yi amfani da shi ba in an buɗe ledarsa kar ya wuce wata 6, kuma ba a wanke shi. Gawayin ko a rataye yake yana ci gaba da zuƙar abin da ke cikin iska, dole in an cire a ƙulle shi a leda. Bai faɗa min ko ɗaya ba. Kuma akwai farin ƙyalle na ƙura da ake ɗorawa a kan gwangwanin da murfinsa, shi ma bai haɗa min ba, gawayi kaɗai ba ya tare ƙura. Ranar yankan tayil ke nan na sha ƙura ina zaton a kare nake, ga shi ƙurar tayil da siminti ita ce mai lahanta huhu a hankali. Allah ya taimaka na matsa wa mai tayil ɗin ya riƙa zuba ruwa a bakin injin yana yanka a waje, muka kuma toshe ƙofar ɗakin kwana da babbar leda da salatif, fanka na hura iska waje ta taga.

Na koma shagon neman sabon gwangwani, wai ba sa kawowa daban, sai dai in sake sayen takunkumin gaba ɗaya. Haba don Allah, ya za a sayar wa mutum abin da ya shafi numfashinsa ba a san yadda yake aiki ba, kuma ba abin canji? Da na yi magana cewa ya yi ni ce na cika tsoro. Mutumin da bai taɓa kwana a zaune yana neman iska ba.

Shi takunkumin ba ni da abin cewa a kansa sai alheri, zan sake saya, amma ba a wajensa ba, kuma ba zan biya ba sai na ga gwangwanin canji da ƙyallen ƙura a hannuna. Ɗakunan ciki dai na tsaya kai da fata fentin ruwa aka yi musu, shi warinsa da sauƙi. Ƙofofin ɗakin yara har yanzu ba a taɓa su ba, na ce a dakata sai ƙanin Abban yara ya dawo daga Kano, na tura masa hoton gwangwanin ya duba min a can.