Hattara da mai tallar na'urar gano zaftarewar ƙanƙara

Jama'ar Garwa da Marwa, musamman iyayenmu mata masu 'ya'ya a Italiya, don Allah ku saurara.

Akwai wani mutum da ke bin zaurukan WhatsApp yana tallar wata 'yar na'ura. Wai idan yaro zai tsallaka tsaunukan Alps da ƙafa, daga Italiya zuwa Briançon ta Faransa, na'urar za ta yi ƙara kafin dusar ƙanƙara ta zaftaro, ko da ana tsakiyar guguwa. Yayata ta sayar da tumakinta ta tura masa sefa dubu 90 saboda ɗanta. Kuɗi na shiga, ya toshe lambarta.

Asarar ba ta tayar mini da hankali kamar ƙaryar ba, domin ƙarya ce mai kai yaro ga halaka. Abin da ke cikin hotonsa Faransawa na kiransa DVA, kuma ba ya hango komai. Aikinsa nemo wanda ƙanƙara ta riga ta binne, shi ma sai abokan tafiya suna da irinsa, da sandar lalube da shebur. Wanda ba a tono cikin kamar minti 15 ba, damar tsirarsa raguwa take yi da sauri.

Masu aikin hasashen zaftarewar ƙanƙara na gaskiya haƙa rami suke yi suna duba ƙanƙarar hawa-hawa, ko akwai shimfiɗa mai rauni a ƙasa wadda sabuwa ta danne. Suna lura da gefen da iska ta tara ta, da gangaren dutse, don yawanci tsakanin digiri 30 da 45 take ɓallewa. Lokacin guguwa da kwana ɗaya ko biyu bayanta ne mafi haɗari, kuma sau da yawa nauyin mai tafiyar ne ke tsinka ta. Hukumar yanayi ta Météo-France na fitar da hasashen haɗarin kullum a lokacin hunturu, daga mataki 1 zuwa 5, kyauta. Ko ƙwararru, idan ya kai 4, kauce wa gangare suke yi, balle yaron da iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturun Marwa.

Kada ku tura ko sefa biyar. Wanda ya riga ya tura, ya adana saƙonnin da shaidar biya ya kai wa jandarma. Yaya, da ke da sauran iyaye, ku kira yaran nan yau ku hana su hawa dutsen.