Contra har yau ba ta tsufa ba wallahi

Jama'a satin da ya wuce na sayo irin 'yar na'urar gem ɗinnan mai kaset da ake jonawa ga talabijin, nan kasuwar Gusau, kuma don Contra kaɗai na saye ta. Ni da ƙanena munka zauna bayan isha'i, ba mu tashi ba sai da anka ɗauke wuta.

Ga wanda bai san Contra ba, gem ce ta harbe-harbe, kamfanin Konami na Japan ya fiddo ta a 1987, ta zo kan na'urar gem ta Nintendo a 1988. Labarin bai da yawa, sojoji biyu ne Bill da Lance anka tura tsibirin Galuga a shekara ta 2633 su murƙushe rundunar Red Falcon, sai can gaba ka gane ashe wasu halittu ne daga wata duniya ke juya abin. Nan kam na rage mata maki, don kaset ɗin da na samu ba wani bayani ciki, harbi kawai.

Amma wasan fa! Rai ukku gare ka, harsashi guda ya taɓa ka shikenan, saboda haka ido da yatsa ba hutu. In ka samu bindiga mai S wadda ke watsa harsashi biyar lokaci guda to ka riƙe ta da kyau, kada tsautsayi ya sa ka ɗauki F, harsashinta juyi yake yi yana tafiyar hawainiya. Inda ya fi burge ni mataki na 3 ne, wurin da ruwa ke zubowa daga dutse kuna hawa sama, in ka yi gaggawa ka bar ɗan'uwanka a ƙasa ransa ya tafi, dole ku jira juna, ƙanena sai cewa yake "Yaya dakata mini, dakata mini" kuma wallahi wanga abu ne ya sa nake son ta fiye da gem ɗin waya da kowa ke yi shi kaɗai.

Sirrin nan na maɓallan da ake dannawa a samu rai 30 yana nan: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A kafin ka danna start. Da shi munka kai mataki na 8 munka fasa ƙatuwar zuciyar dodon ƙarshe. Daren Juma'a za mu sake gwadawa da rai ukku kacal in Allah ya yarda.