Yan Kwaika da yaki da bauta: salon Amurka ko na Ingila?

Yan Kwaika dai darika ce ta Kiristoci, kuma su ne a sahun gaba wajen kyamar bauta, amma fa hanya biyu suka bi.

Na Filadelfiya a Amurka daga cikin gida suka fara. John Woolman, daya daga cikinsu, haka ya dinga bin yan uwansa gida gida yana musu nasiha su saki bayinsu, ana tafe ana tafe har 1776 babban taronsu ya yanke cewa duk wanda ya ki sakin bawansa to ba ya cikin jama'a, korarsa za a yi kawai. Abin ya yi aiki sosai, sai dai iyakarsa su ya su, mai gonar taba a jihar Bajiniya da ba dan Kwaika ba ina ruwansa.

Su kuwa na Ingila majalisa suka nufa. A 1783 suka kai takardar koke kan cinikin bayi, a 1787 aka kafa kwamitin yaki da cinikin a Landan na mutum 12, 9 duk yan Kwaika ne, to amma su ba sa rantsuwa don haka ba su da kujera a majalisa, dole suka jingina da wani dan majalisa, William Wilberforce. Suka buga zanen jirgin ruwan dakon bayi mai suna Brookes da mutane kwance a jere ko wurin juyi babu, a 1791 kuma jama'a suka kaurace wa sukarin da bayi ke nomawa.

Ni dai a ganina na Ingila sun fi dabara, duk da cinikin bayi kawai suka tunkara. An hana shi a 1807, amma bayin da ke gonakin rake sai da suka jira dokar hana bauta ta 1833.