DAZN a Japan: kallon ƙwallo ya yi daɗi, amma kuɗinsa ya fara gagarar mutane

Duk mai bin ƙwallon ƙafa a Japan ya san ba ya da mafita sai DAZN. Kamfanin, mai nuna wasanni ta intanet ga wanda ya biya, ya shigo ƙasar a 2016, ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma da hukumar J.League, gasar ƙungiyoyin ƙasar, kan yen biliyan 210 daga kakar 2017, daga baya kuma aka tsawaita ta har zuwa 2033. Wasannin J1 da J2, wato rukuni na ɗaya da na biyu, duka suna ciki kai tsaye, a waya ko talabijin ko kwamfuta. Ta wannan fannin aikinsu ya yi kyau ƙwarai. Mai goyon bayan ƙaramar ƙungiya da a da sai ya jira labaran dare kafin ya ga ƙwallo ɗaya, yanzu yana kallon wasan ƙungiyarsa daga busan farko zuwa na ƙarshe, in ya makara kuma ya mayar da shi baya.

Farkon bai zo da sauƙi ba. A makon buɗe kakar 2017, wasan Gamba Osaka da Ventforet Kofu ya ƙi fitowa gaba ɗaya, sai da kamfanin ya ba da haƙuri. An wuce wannan matakin. Abin da ya rage shi ne jinkiri, domin hoton intanet yana zuwa bayan abin da ke faruwa a fili, sau da yawa da kusan rabin minti. Wanda bai kashe sanarwar wayarsa ba zai ga an rubuta an ci ƙwallo alhali a allonsa ba a ma bugo kwanar ba. Sai kuma data: hoto mai gudu a kan megabit 6 a daƙiƙa yana cin sama da gigabait 5 a awa biyu, don haka mai kallo a jirgin ƙasa gara ya rage ƙarfin hoton tun kafin a take wasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne farashi. Har farkon 2022 kuɗin wata yen 1,925 ne. A Fabrairun shekarar ya koma 3,000, a Fabrairun 2023 ya zama 3,700, a Fabrairun 2024 ya kai 4,200. Ya ninka har da ɗoriya cikin shekara biyu, kuma a daidai lokacin da kaya ke raguwa a shagon: Gasar Zakarun Turai ta riga ta koma tashar kuɗi ta WOWOW, Firimiyar Ingila ta fita a 2022, daga baya ta sauka a U-NEXT, wata manhajar kallo ta kuɗi. Kofin Levain, gasar kofi ta ƙungiyoyin J.League, ma ba ya ciki. Wato mai son ganin ɗan wasan Japan Kaoru Mitoma a Brighton ta Ingila da kuma ƙungiyar garinsu sai ya biya wuri biyu.

Akwai hanyar rage nauyin. A farashin 2024, biyan shekara a dunƙule yen 32,000 ne, kusan 2,670 ke nan a wata. Akwai kuma na shekara da ake biya wata-wata a kan 3,200, amma wannan a kula da shi, domin alkawarin wata goma sha biyu ne, ba a fita a tsakiya. Ƙungiyoyin J.League suna sayar da katin kallon shekara kafin a fara kaka, kuma wani kaso na kuɗin yana shiga asusun ƙungiyar da aka saya ta hannunta. Ga mai bin gasar cikin gida, wannan ya fi kowanne ma'ana. Na'ura biyu na iya kallo lokaci guda, sai dai tun 2024 dole su kasance kan intanet ɗin gida ɗaya, in ba haka ba sai an ƙara kuɗi.

Babban ƙorafin magoya baya dai kan tawagar ƙasa ne, Samurai Blue. Kuɗin haƙƙin nuna wasannin hukumar ƙwallon Asiya ya yi tsadar da gidajen talabijin na kyauta suka kasa ɗauka duka, sai aka raba: wasannin gida na zagayen ƙarshe na neman gurbin Kofin Duniya a tashar kyauta ta TV Asahi, na waje kuma a DAZN kaɗai. Ranar 24 ga Maris 2022 Japan ta je Sidni, Kaoru Mitoma ya shigo daga benci ya zuba wa Ostareliya biyu a mintunan ƙarshe, aka samu tikitin Ƙatar. Daren da ya kamata kowane gida ya gani, sai wanda ya biya ne ya gani. Wannan rashi ne na gaske, domin yaron da zai fara son ƙwallo ba ya da katin banki, abin da ya tarar a talabijin ɗin falo shi yake kallo.

Ba duka laifin ke kan DAZN ba, masu sayar da haƙƙin ne ke yanka farashi. A Nuwamban 2023 Japan ta lallasa Siriya 5-0 a Jidda, babu tashar da ta nuna wasan a Japan saboda ba a daidaita kan kuɗi ba. A gefe guda, tashar intanet ta ABEMA ta nuna wasanni 64 na Kofin Duniya na 2022 kyauta, tsohon ɗan wasan tawagar ƙasar Keisuke Honda yana sharhi, jama'a suka yi dafifi suna kallon nasarar da aka yi kan Jamus da Sifen. DAZN da kanta ta buɗe Kofin Duniya na Ƙungiyoyi na 2025 kyauta, inda Urawa Reds ta buga wasa uku ta sha kashi a duka.

Mai kallon J.League kowane mako zai ci moriyar kuɗinsa, musamman da katin shekara. Wanda tawagar ƙasa kawai ta dame shi, yen 4,200 a farashin 2024 saboda wasa ɗaya a wata ya yi yawa, gara ya nemi gidan kallo a daren. Ga wanda ke wajen Japan kuwa, abin da DAZN ke nunawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tashar J.League International a YouTube tana sakin wasu wasannin kai tsaye kyauta da sharhin Turanci.