Gargaɗi ga masu Hilux da akori-kura: ku yi hattara da masu sa hon ɗin iska na yawo

Salamu alaikum jama'ar Katsina da Daura. Don Allah duk mai Hilux ko akori-kura, ko wanda yake da ɗan'uwa direba, ya tsaya ya karanta wannan har ƙarshe sannan ya tura ma wasu. Ni aikina rewaya ne, kuma abin da nake gani kwanakin nan a gareji ya isa a fito a yi magana, saboda ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, motar mutum na iya kamawa da wuta yana ciki da fasinja da kaya.

Akwai wasu samari da ke tallar hon ɗin iska, irin mai ƙarar tirela ɗin nan, a TikTok da status na WhatsApp. Za ka ga bidiyo an nuna Hilux fara tas, an danna hon, ƙara ta tashi kamar jirgin ƙasa zai wuce, a ƙasa an rubuta wai kaya ne daga waje, garanti wata 6, kuma har gida ake zuwa a sa maka. Ƙarar nan da kake ji ɗora ta aka yi a kan bidiyon. Ba su da shago, ba su da gareji, in ka tambayi inda suke yau su ce maka suna Kano gobe su ce suna hanyar Daura, kuma sun fi son ranar kasuwa, musamman Lahadi da ake cin Mai'aduwa da Charanchi, lokacin da direba ke sauri ba ya da sukunin tsayawa ya duba mi aka sa mashi.

Hanya biyu suke bi. Ta farko kowa ya santa, ka tura rabin kuɗi a wani akawun da sunan da ke kai bai yi daidai da na mai maganar ba, bayan kwana biyu a kira ka a ce kaya sun iso tasha sai ka ƙaro kuɗin mota, kana turawa a toshe lambarka. Wannan kau asara ce ta aljihu, Allah ya mayar da alheri.

Ta biyun ita ce ta sa ni wannan rubutu, domin a nan suna zuwa da gaske, su sa maka hon ɗin, ya yi ƙara a gabanka, ka biya kana murna har ka ƙara masu na ruwa. Sai bayan sun ɓace matsalar ke fitowa.

Bari in faɗi yadda hon ɗin iska na gaske yake don a gane inda suke cuta. Yana da ƙahonni, yana da kwamfiresa mai tara iska, da tanki, da wani ɗan makunni mai auna ƙarfin iska wanda ke kashe kwamfiresa da kanshi in tanki ya cika, da yawa suna kashewa a 150 psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, su sake tashi in iska ta sauko wajen 110. Sannan akwai bawul na lantarki mai sakin iska zuwa ƙaho in ka danna, da rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babbar wuta, da fis. Akwai kuma ƙarami marar tanki wanda kwamfiresa ke hura ƙahon kai tsaye, shi ma halal ne in an sayar maka da shi a matsayinshi da kuɗinshi. To su mai tanki suke nuna maka a bidiyo, su karɓi kuɗin mai tanki, ranar sawa su zo da ƙaramin na roba da aka fesa ma fenti mai ƙyalli, su ce ai sabon samfuri ne ba ya buƙatar tanki. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 300 dB, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, da manyan baƙi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, ƙara a cikin iskar da muke shaƙa ba ta ma kai 200 dB, jirgin sama da ke tashi kusa da kai wajen 140 yake.

Wanda ya matsa sai da tanki kuma, na ga abin da aka ɗaura ma wani bawan Allah a ƙarƙashin bodi, tsohuwar tukunyar kashe gobara ce aka yi ma walda aka shafa baƙin fenti, babu bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa, babu wurin zubar da ruwan da ke taruwa a ciki. Ƙarfen da tsatsa ta ci a cika shi da iska haka, a rana irin ta Katsina a watan Afrilu, ga mutane zaune a bayan mota da buhunansu, wallahi ko tunawa ba na son yi.

Kwamfiresan ma sau da yawa tsohon na babbar mota ne mai 24 volt da suka kankare rubutun jikinshi. Hilux 12 volt take. Za ya yi gurnani, ya ɗan tara iska da ƙyar ta isa a gwada maka sau ɗaya ko biyu, shi ke nan. In motarka mai batir biyu ce za su ce maka ai ka ga 24 ke nan, kar ka yarda, a sa mita a kan batir a gani, mota mai 12 za ta nuna wajen 12.6 a kashe, wajen 14 in inji na aiki.

Amma babbar musibar tana wajen waya. Kwamfiresa na jan wuta sosai, ƙarami ma yana jan amp 15 zuwa 20, manya har 30. Hon ɗin da kamfani ya sa ma mota kau ɗan kaɗan yake ja, shi ya sa wayarshi siririya ce, fis ɗinshi kuma yawanci amp 10 ne. Aikin gaskiya shi ne a jawo waya mai kauri daga kan batir, a sa mata fis nan kusa da batir ɗin bai wuce taku ɗaya ba, ta shiga rile a ƙafa mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa kwamfiresa, su kuma 85 da 86 su ne na 'yar ƙaramar wutar da ke ba rile umarni. Haka ake yi, kuma duk yaron rewaya da ya shekara a gareji ya san wannan. Su mutanen nan ba su sa rile, don yana cin lokaci kuma kuɗi ne. Sai su yanke wayar hon ɗin kamfani su murɗa ta da ta kwamfiresa su naɗe da salatif. Fis na amp 10 ya ƙone nan take, sai su cire su cusa na 30, wani ma ya lanƙwasa guntun waya ya toshe wurin. Daga nan babu abin da ke kare motar, in wuta ta yi yawa wayar ce da kanta za ta narke, kuma tana ɗaure a dami guda da wayoyin fitila da na inji. Motar da aka jawo mani daga hanyar Mashi haka ta faru da ita, direban ya ji ƙaurin roba ya ga hayaƙi na fitowa ta gefen bonet, Allah ya taimaka yaron motarshi ya yi saurin cire kan batir. Kuɗin da ya kashe a canza wayoyin ya ninka na hon ɗin, ga kwanakin da ya yi ba lodi, mutum mai iyali.

Wayar da suke zuwa da ita ma ba jan ƙarfe ba ce, alminiyom ce aka yi ma rufi ja. Ka kankare bakinta da wuƙa, in ka ga fari a ciki to ita ce, tana zafi da wuri kuma tana karyewa da girgizar hanya. Sannan ku lura da wani abu, in sun gama sai su jefa hon ɗinka na asali cikin jakarsu su ce ai ya mutu, alhali lafiyarshi lau, sayar da shi za su yi.

Ni ban ce kar kowa ya sa hon ɗin iska ba. Mai bin hanyar Jibiya ko Daura zuwa Kongolam da asuba, ga shanu ga masu babur ga manyan motoci, na san amfaninshi, illa dai a ji tausayin mutane cikin gari da kusa da asibiti da makaranta. Abin da nake roƙo shi ne kar ka tura ma kowa ko sisi kafin ka ga kaya da idonka ka riƙe su a hannu. Ka saya a shagon da in ya lalace ka san ƙofar da za ka koma, ko nan cikin gari ko Ƙofar Ruwa a Kano, a rubuta maka rasit. Ka kai ma mai rewayar da ka sani ya sa maka kana tsaye, ka ce a nuna maka rile, a nuna maka fis da lambarshi, ka duba inda waya ta ratsa ƙarfe an sa mata roba, tiyon iska kuma bai kusanci salansa ba don narkewa yake. In mai tanki ne a bari ya cika ka ji kwamfiresa ya mutu da kanshi, in bai mutu ba kar ka tada motar nan daga wurin. A shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa iska na zuba. Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin, wanda ya fara ce maka Alhaji ka bar mana aikinmu sauri muke, to ka karɓi makullinka.

Wanda kuma an riga an sa mashi, don Allah kar ya ce ai nawa yana yi lafiya. Yau ɗin nan ka buɗe akwatin fis ka duba na hon, in ka ga lambarshi ta fi wadda aka rubuta a murfin, ko ka ga waya a madadinshi, ka zare shi ka kai mota a duba kafin ka sake danna hon ɗin. Wanda suka ci ma kuɗi ya kira bankinshi da wuri ya kai ƙorafi, ya adana hoton alat da hirar WhatsApp da lambar wayarsu, ya kai ofishin 'yan sanda mafi kusa. Shugabannin tasha da na ƙungiyar direbobi ku ma muna roƙo, duk baƙon da ya shigo da jaka yana tallar sa hon a tambaye shi ina garejinshi yake kuma wa ya san shi, kafin a bar shi ya buɗe bonet ɗin kowa.